Tuta da Tumbin Baban Mi-ran

Mijina Pyo Dal-su ya bar soja tun kafin ya aure ni, amma har yau in ya tashi da safe sai ya ninke bargonsa ya zama kamar bulo, ya tsallake nawa a cukuikuye ya wuce. Shekara arba'in da ɗoriya ina shan labarin ɗan zaman da ya yi a rundunar ƙundumbala ta bakin teku. Na haddace sunan sajensa. Na san ranar da aka tsoma su cikin taɓo har wuya, na san yadda suka ɗauki kwalekwalen roba a ka suka hau dutse da shi. Ranar da na haifi 'yarmu Mi-ran kuwa, in ka tambaye shi, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

Gidan abinci gare mu a Solpo, daf da inda jiragen masunta ke tsayawa. Agwagwa muke gasawa. Na ce "muke" ne don kara kawai. Ni ke yanka, ni ke jiƙa naman, ni ke kankare wayar da ake gasa naman a kai, shi kuma aikinsa zama a teburin bakin ƙofa yana raba wa baƙi ra'ayi kyauta.

"Sojan yanzu soja ne?" in ji shi. "Otal suke zuwa. Waya a hannu, uwa tana bugo wa kwamanda tana tambaya ko ɗanta ya samu ƙwai da safe. Mu a zamaninmu in ka ga ƙwai sai ka sara masa."

Ranar duk wani hutun ƙasa kuma sai ya bi layinmu gida-gida yana duba waɗanda ba su rataya tuta ba, ya dawo yana huci, ya ce da shi ne gwamnati da ya yanke musu ruwan famfo. Amma ra'ayin da ya fi riƙewa da hannu biyu shi ne na tumbi. Tumbi gare shi na gani na faɗa, irin wanda ke riga mai shi shiga ɗaki. In likita ya yi masa maganar rage ƙiba, sai ya shafa abinsa ya ce, "Ka san da me aka gina wannan? Mu muka sha yunwa, muka ci sha'ir da ruwan gishiri, don ƙasar nan ta ƙoshi. Tumbina shaida ce cewa mun ci nasara. Masu ƙin cin abinci da gangan ba su san darajar ƙasa ba."

Tsofaffin sojan rundunarsu suna da ƙungiya a garinmu. Ofishinsu wata jar kwantena ce a bakin tasha. In ana biki su ke tsayawa a titi da usur suna ba motoci hannu, ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba, in rana ta yi tsaka kuma duk su kwaso yunwarsu su taho wurina. A tsakaninsu ba a tambayar shekarun haihuwa, ba a tambayar arziki. Rukunin da aka ɗauke ka soja kawai ake tambaya. Wanda ya riga ka shiga, ko da rukuni ɗaya ne, ya zama yayanka har kabari. In ya zuba maka giya ka karɓa da hannu biyu, ka kau da kai gefe ka sha. In ya miƙo maka abu ba ka cewa ka ƙoshi.

Haka mijina ya samu Yuk Sang-pil a ƙarƙashinsa. Sang-pil ya girme shi da shekara biyu, amma ya shiga soja a rukunin da ke bin nasa, don haka tsoho da furfurarsa yake ƙamewa ya ce masa Yaya. Dogo ne, siriri, baya a miƙe. Ya yi aikin gyaran injin jirage har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu shekarun baya, 'ya'yansa suna Seoul, shi kaɗai yake zaune a gidansu na kan tudu. Matan kasuwar kifi in ya gitta sai ka ga kowace tana gyara gashi da hannu mai ƙarni. Mijina bai taɓa yafe masa wannan ba.

Rigimar ta faro ne da bazara, lokacin da tsohon da ke ɗaukar tuta a ranar tunawa da mazan jiya ya ce gwiwarsa ta gama aiki. Kowace shekara ranar shida ga Yuni ana hawa tudun bayan gari zuwa ginshiƙin da aka sassaƙa sunayen 'yan Solpo da suka mutu a yaƙi, mai tuta a gaba, duk gari a bayansa. Dal-su ya daɗe yana jiran wannan gwiwa ta lalace. Bisa jerin rukuni shi ne na gaba, ban da shugaban ƙungiya, tsoho Sok, wanda shi kansa sai da sanda yake hawa.

A teburina Shugaba Sok ya yanke hukunci, bakinsa cike da nama.

"Mai tuta zai sa kakin da aka sallame shi da shi. Nasa na kansa. Ba na aro ba, ba wanda tela ya ƙara wa ƙyalle ba. Kuma kowane maɓalli ya rufu. Haka muka tarar."

Kowa ya juya ya dubi cikin mijina. Sannan kowa ya juya ya dubi Sang-pil, wanda duk shekara yake zura nasa kakin kamar jiya aka ɗinka masa. Ni kuma ina ajiye kwanon kabeji mai yaji na ce, "Ai Sang-pil kaki yana yi masa kyau." Gaskiya na faɗa, kuma ko yanzu aka tambaye ni zan maimaita. Amma na ga kunnuwan mijina sun yi ja.

Da muka koma gida ya ciro kakin daga akwati, yana ta warin maganin asu. Ya zura hannu ɗaya, ya zura ɗayan, ya ja, ya riƙe numfashi. Tsakanin maɓalli da ƙofarsa akwai filin da kyanwa za ta kwanta. Ya tsaya gaban madubi yana kallon kansa, ni ina kallonsa, har na fara jin tausayinsa. Sai ya ce, "Ke kika wanke shi da ruwan zafi."

Washegari ra'ayinsa ya juya kamar an juya waina a tanda.

"Tumbi cin amanar ƙasa ne," ya gaya wa baƙin farko da suka shigo. "In abokan gaba suka tsallako yau, da me za ka gudu? Namiji in yana ƙaunar ƙasarsa dole ya iya ganin yatsun ƙafarsa."

Ya daina cin shinkafa. Ya daina giya. Ya koma dafaffen dankali da ɗanyen kabeji da ruwan ɗumi. Da asuba ya ɗaura leda a ciki ya bi bakin teku yana tafiyar soja, yana rera waƙoƙin bariki da muryar da ke tashe karnukan unguwa. Duk wannan ban ce komai ba, don likita ya sha roƙonsa ya yi haka ya ƙi. Na ce a raina, abin da ni da likita muka kasa, hassada ta iya.

Ashe rabin shirin kawai na gani.

Ran nan ƙungiya ta zauna cin abincin rana. Agwagwa tana tsiyayar kitse a kan garwashi, mijina yana zaune da dankalinsa guda a gabansa yana haɗiyar yawu. Sai na ga ya ɗauki ganyen latas, ya zaɓi yankan da ya fi kitse ya ɗora, ya ƙara wani, ya sa tafarnuwa da yaji da cokali guda na shinkafa, ya naɗe shi tsaf. Na ce yau dai azumin ya karye. Sai ya miƙa hannu ƙetaren tebur.

"Sang-pil. Buɗe baki."

Sang-pil ya yi zumbur ya gyara zama. "Yaya, ni? Ai kai ya kamata..."

"Ka rame, ƙaramin soja. Ba na son ganin na ƙasa da ni yana yawo kamar sandar shanya. Buɗe."

Ya buɗe. Mijina ya cusa masa lomar har kumatunsa suka cika. Tebur ya kaure da tafi, Shugaba Sok yana cewa wannan shi ne zumuncin soja na gaskiya. Kafin Sang-pil ya haɗiye an naɗa ta biyu.

Ni na gane tun a loma ta uku. Wanda ya zauna da mutum shekara arba'in ba ya buƙatar a fassara masa. Ƙa'idarsu ta ce na ƙasa ba ya mayar da abin da na sama ya miƙo masa, to mijina ya ƙudura zai cika Sang-pil da kitsen agwagwa har kakinsa ya ƙi rufuwa. Shi yana sauka, wancan yana hawa, su haɗu a tsakiya ya ƙwace tutarsa.

Da farko dariya abin ya ba ni. Daga baya dariyar ta ƙafe. Ku gane, a wurinmu ba kowa ake naɗa wa loma a sa masa a baki ba. Uwa ke yi wa ɗanta, saurayi ke yi wa budurwarsa. Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan Pyo, mutumin nan bai taɓa ɗora ko tsinken kabeji a kan shinkafata ba. Ina cikin jego ma sai da ya tambaye ni ina aka ajiye cokula. Yau ga shi da hannunsa yana zaɓen ganye mai taushi, yana hura nama kada ya ƙona bakin wani ƙato, har yana goge masa miya a haɓa da babban yatsa. Ina tsaye da faranti ina kallo, zuciyata tana tafasa. Na san mugunta ce, amma muguntar da ake yi da irin wannan kulawa ni ban taɓa samun ko kwatankwacinta ba.

Abu ya zama kullum. In Sang-pil ya makara, mijina ya tura a kira shi. In ya ce cikinsa ya cika, mijina ya ce, "Cikin soja ba ya cika sai an ba shi umarni." Bayan nama a soya masa shinkafa a cikin kitsen da ya rage. Bayan shinkafa a zuba masa farar giya. Da yamma kuma sai mijina ya leƙo kicin.

"Uwar Mi-ran, ƙulla masa wani abu ya tafi da shi gida. Ki sa fatar da yawa, yana son fata."

"Ka san yana son fata," na ce. "Ni me nake so?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan babban birnin wata. "Ke ai komai ci kike yi."

Na ƙulla. Na ɗaure bakin ledar da ƙarfin da sai da wuƙa za a kwance.

Abin da ya ƙara wa mijina ciwo shi ne ƙibar ta karɓi Sang-pil. Kumatunsa suka ciko, ramukan ƙarƙashin idonsa suka ɓace, fatarsa ta yi sheƙi. Mutumin da da sai ya yini bai ce uffan ba ya koma ba da labari yana ƙyaƙyata dariya. Matan kasuwa suka ƙara haukacewa, har wata ta fara aiko masa da busasshen kifi ta hannuna, ni 'yar aike. Mijina kuwa ramar ba ta yi masa kyau ba ko kaɗan. Wuyansa ya saki, fatar ciki ta zubo, idanu suka faɗa, ga saurin fushi. Yana zaune yana tauna kabeji kamar akuya, yana kallon Sang-pil yana lashe yatsu.

"Dubi shi," ya ce mini wata rana a hankali. "Ɗan banza. In ya rame ya yi kyau, in ya yi ƙiba ya yi kyau. Haka yake tun a bariki. Ni nake shan duka, shi ake ba hutu."

Ana saura 'yan kwanaki a gwada kaki, Sang-pil ya shigo mini kicin bayan an watse da rana, ya kawo kwanonin da na zuba masa abinci, a wanke fes. Ya tsaya yana juya hularsa a hannu. Ni kuma haushin da na tara ya motsa, na ce bari in fasa ƙwan kowa ya huta.

"Sang-pil, kai yaro ne? Ba ka san me ya sa yake ɗura maka nama ba?"

Ya yi murmushi. "Matar Yaya, tun loma ta farko na sani."

Na ajiye wuƙa. "Ka sani, kake buɗe baki?"

"To ya zan yi? Yayana ne." Ya dubi ƙasa. "Kuma ba wannan kaɗai ba ne. Tun da uwar yara ta tafi, a tsaye nake cin abinci, a bakin wurin wanke-wanke. In zuba wa shinkafa ruwan sanyi in kurɓe. Wani lokaci ma in manta. Mutane suna cewa ina kula da jikina, alhali ba ni da wanda zai ce mini zauna ka ci ne kawai. Yanzu kuwa in na makara sai a zo har gida a kira ni. Ko don me yake yi, matar Yaya, ni dai ana jirana a tebur. Ya ɗauki tutarsa."

Na juya masa baya na ci gaba da yanka albasa, don in sami dalilin da idona ya kawo ruwa. Da ya kai ƙofa ya waigo.

"Don Allah kada ki gaya masa. In ya san ina jin daɗi, zai daina."

Ban gaya masa ba. Amma ban ce haushina ya ragu ba. Ƙaruwa ma ya yi, don yanzu na san su biyun kowa ya samu abin da yake so a wurin ɗan'uwansa, ni ce kawai ke kankare waya.

Ranar gwaji aka taru a kwantena, ni ma na je da hujjar kai musu shayi. Sang-pil ya fara. Maɓallan sama suka rufu, na ƙirji ya rufu da ƙyar, na kan cibiya ya ce sam. Ya ja, ya ja, ya saki, ya fashe da dariya yana shafa ɗan tumbinsa sabo fil. Sai mijina. Ya fesar da duk iskar da ke jikinsa, ya ɗage haɓa, ya fara daga ƙasa. Na ƙarshen ya shiga, kwantena ta yi tsit, ana jin zaren yana kuka amma bai tsinke ba.

"Ya rufu," in ji Shugaba Sok. "Pyo Dal-su, tuta taka ce."

Wanda ya fi kowa tafi Sang-pil ne. Ya ƙame, ya sara, ya ce, "Ina taya ka murna, Yaya!" da murya har cikin ransa. Na ga fuskar mijina ta ɗan faɗi. So ya yi ya ga baƙin ciki a idon mutumin nan ko na ƙiftawa ɗaya ne, bai gani ba. Da muka kai ƙofar gida ya ce, "Har faɗuwa ma ya fi ni iyawa."

Daga ranar ya ƙara matse bakinsa, don tsoron kada maɓallin cibiya ya tuba. Jajibirin ranar hawan tudu da kwanan da ya gabace shi ruwa kawai ya sha. Na dama masa kunun shinkafa da safe, na ce ko cokali biyu ya yi.

"Cire min wannan daga gabana. Waɗanda sunansu ke jikin dutsen can da kunu a ciki suka mutu?"

"Su ba su kai shekara saba'in ba, Baban Mi-ran."

Ko kallona bai yi ba. Yana can yana goge takalmi.

Gari ya waye da iska daga teku. Mutane suka taru a gindin tudu cikin baƙaƙen kaya, da ɗaliban makaranta da matan kasuwa da iyalan mamatan riƙe da fararen furanni. Ƙa'ida ita ce tuta ta isa gaban ginshiƙi kafin ƙarfe goma, lokacin da jiniya ke kaɗawa duk ƙasa ta yi shiru. Mijina ya tsaya a gaba, sandar tuta a soke cikin ɗamarar fata, farin safar hannu, haɓa sama. Ba zan ɓoye ba, ya yi kyau. A bayansa Sang-pil ne cikin jar rigar ƙungiya, tunda kakinsa ya ƙi shi. Ni ina gefe da gorar ruwa.

Farkon hawan lafiya lau. Da muka fito daga cikin itatuwa muka kai inda matakala ke miƙewa tsaye, iska ta samu tutar ta buɗe ta gaba ɗaya. Na ga sandar ta ja shi hagu, ya dawo da ita. Ta sake jansa. Ƙafarsa ta nemi matakala ta rasa, ya sake nema. Sai ya tsaya cak. Gumi yana zuba ta ƙarƙashin hularsa, leɓunansa sun yi fari. Duk jerin mutanen da ke bayansa suka tsaya.

Kan tutar ya fara sunkuyowa a hankali. In ta taɓa ƙasa, na san mijina ba zai sake fita ƙofar gida ba har ya mutu.

Sang-pil ya yi tsalle ya zo gefensa. Hannunsa ya kai daf da sandar, sai ya janye. Na ƙasa ba ya karɓar tuta daga hannun na sama sai an ce ya karɓa. Ya ƙame a kan matakala ya ɗaga murya.

"Yaya! Ina jiran umarni!"

Haƙoran mijina a cije.

"Ba shi mana!" na yi ihu, ban damu da wa ke ji ba. "Ba shi, mai taurin kan tsiya! So kake ka mutu a nan?"

Shugaba Sok yana can ƙasa yana duba agogo yana ɗaga sanda. Mijina ya juyo da idanunsa kaɗai ya dubi Sang-pil, ya dubi kumatun nan da shi ya cika su da hannunsa. Na ga ƙiyayya a idon, na ga kuma roƙo.

"Kada ka taɓa min tuta," ya ce, muryar da ƙyar take fita. "Ni za ka ɗauka."

Sang-pil bai tsaya tambaya ba. Ya sha gabansa, ya durƙusa, ya ba shi baya. Mijina ya zube a kai, ya rungume sandar a kafaɗarsa da hannu biyu. Sang-pil ya tallabo cinyoyinsa ya miƙe da nishi ɗaya. Tsoho ya goyi tsoho, tuta tana kaɗawa a samansu. Da watanni biyu baya ne, ko ɗaga ƙafar mijina ɗaya Sang-pil ba zai iya ba. Yanzu ɗaya ya zube, ɗaya ya yi ƙarfi, sai ga shi yana taka matakala ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga tafiyar soja da baki. A wani wuri maɓallin cibiyar ya tsinke ya gangara ƙasa, ba wanda ya tsaya nemansa.

Wani ya fara tafi, sai duk tudun ya ɗauka. Ranar makoki ce, ba a tafi, amma aka yi. Matan kasuwa suna kuka suna kiran sunan Sang-pil. Ni ina binsu a baya da gudu-gudu, ina kallon yadda mijina ya kwantar da kumatunsa a wuyan mutumin nan, ina kuka ni ma, ban san ko na tsoro ba ne ko na haushi.

Suna isa gaban ginshiƙi Sang-pil ya sauke shi, ya tsayar da shi da ƙafafunsa. Jiniya ta tashi daga cikin gari. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni ban sunkuyar ba, mijina nake kallo. Yana tsaye a miƙe, tuta a miƙe, hawaye suna bin ramukan fuskarsa. Ta baya kuma, inda ba kowa ke gani ba, hannun Sang-pil yana damƙe da bel ɗinsa.

Da aka gama ajiye furanni jama'a suka yanyame Sang-pil. Wannan ya riƙe hannunsa, wancan ya dafa kafaɗarsa, ɗalibai suna ɗaukarsa hoto, shugaban makaranta yana cewa dole ya zo ya yi wa yara magana a kan kishin ƙasa. Mijina yana zaune a ƙasa, ya jingina da gindin ginshiƙi, tutar tana tsakanin gwiwoyinsa. Ba kowa a wurinsa sai ni. Na kafa masa gora a baki ya sha, rabi yana zuba a kan kakin.

"Uwar Mi-ran," ya ce. "Wa ya kawo tutar nan sama? Ni ko shi?"

Ina da amsa mai kaifi, na daɗe ina wasa ta. Na dubi wuyansa da ya saki, na haɗiye ta.

"Ba ta bar hannunka ba," na ce.

"Haka ne." Ya saurara. Daga can ana ta Sang-pil, Sang-pil. "Amma ji sunan wa suke kira."

Ya daɗe yana kallon taron. Sannan ya sa hannu ya ɓalle sauran maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya ja numfashi irin wanda ya yi watanni bai ja ba. Ya ɗaga murya iya abin da ya rage masa.

"Kai, ƙaramin soja!"

Sang-pil ya ratso mutane a guje ya ƙame.

"Sauko da ita. Umarni ne."

Sang-pil ya dubi jar rigarsa, ya dubi Shugaba Sok. Tsohon ya kau da kai yana kallon teku kamar bai ji ba. Sai Sang-pil ya karɓi sandar da hannu biyu, ya soke ta a ɗamara, ya juya ya fara sauka, duk gari ya bi bayansa. Kafin wani lokaci tudun ya zama ba kowa sai mu biyu da furanni.

Mijina ya yunƙura zai tashi, ya koma. Ya sake yunƙurawa. Sai ya miƙo mini hannu, bai dube ni ba.

"Ke, riƙe ni."

Na riƙe shi. Na rataya hannunsa a wuyana muka fara sauka a hankali, ba shi da nauyi ko kaɗan, har abin ya ba ni tsoro. Duk tsawon matakalar nan bai dubi inda yake sa ƙafa ba, ni ke duba masa. Idonsa yana can ƙasa, inda tuta ke tafe a gaban jama'a, a miƙe sambal kamar an auna da igiya.

"Dubi," ya ce. "Dubi yadda ya riƙe ta. A karkace."

"Na gani," na ce.